Shawara: Tsoron ƙirƙirarriyar basira ya hana ni barci, ga jaririya a gida

Assalamu alaikum Yaya. Ni injiniyan manhaja ne, shekarata 33, a Kaduna nake zaune, kuma shekara takwas ke nan ina wannan sana'a. Shekara uku da suka wuce na samu aikin kwantiragi da wani ƙaramin kamfani da ke gabashin Amurka. Daga gida nake yi, da dala ake biyana. Saboda bambancin lokaci nakan zauna gaban kwamfuta daga ƙarfe biyu ko uku na rana har wajen sha ɗaya na dare. Bara mu tara ne a sashenmu, yanzu mu biyar muka rage. Oganmu ya ce tunda ga ƙirƙirarriyar basira, mu biyar za mu iya aikin taran. Tun ranar hankalina bai sake kwanciya ba. Idan na tashi daga aiki sai in zarce da karatu, kwas bayan kwas, duk sabon abin da ya fito sai na gwada shi, har ƙarfe uku na dare.

Maiɗakina ta haihu wata biyu da suka wuce, an samu mace, ga yayanta ɗan shekara uku. Goggonta da ta zo wankan jego ta koma bayan arba'in. Ban gaya mata an rage ma'aikata ba, don kada in tayar mata da hankali tana shayarwa. Shekaranjiya ta ce mini cikin kuka wai gara mata mijin da zai fita kasuwa da safe ya dawo da magariba, da ni da nake yini in kwana a gida amma ba ta ganina. Ni kuwa dominsu nake yi. Hayar gida, mahaifiyata, kuɗin makarantar ƙannena biyu, duk a kaina suke. Ga shi aikin ma ya daina yi mini daɗi, na'ura ce ke rubuta kod ɗin, wato umarnin da ake gina manhaja da shi, ni nawa dubawa. Yaya, in ci gaba da wannan tseren ne, ko in tattara ɗan abin da na tara in kama kasuwanci tun kafin a kore ni?

Ƙaninka, daga Kaduna

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Barka da ƙaruwa. Allah ya raya ta bisa tafarkin addini, ya ƙara wa mai jego lafiya.

Bari in ba ka amsar tukuna, dalilai su biyo baya. Kada ka bar sana'arka yanzu. Karatun nan na bayan sha ɗaya na dare ka ajiye shi daga yau. Sannan ka zaunar da maiɗakinka ka gaya mata halin da ake ciki a wurin aiki, cikin makon nan, kada ka kai shi gaba.

Ba zan ce maka tsoronka ba shi da tushe ba. Wanda aka ɗauke mutum huɗu cikin tara a gaban idonsa, dole ya shafa wa gemunsa ruwa. Kuma ba a kamfaninku aka fara ba. A Nuwamban 2022 kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, ya sallami ma'aikata 11,000. A Janairun 2023 Google ya sallami 12,000, Microsoft 10,000, Amazon kuma 18,000, ya sake ƙara 9,000 a watan Maris. Amma ka lura da lokacin. ChatGPT, shahararren dandalin ƙirƙirarriyar basira, ranar 30 ga Nuwamban 2022 ya fito, wato Meta ya riga ya yi tasa sallamar, sauran kuma sun yi tasu abin bai cika wata biyu ba. Asalin maganar shi ne kamfanonin sun ɗibi ma'aikata fiye da kima lokacin korona, sa'ad da kowa ya koma intanet. Sai Babban Bankin Amurka ya fara ɗaga kuɗin ruwa daga Maris ɗin 2022, kuɗin masu zuba jari ya yi wuyar samu, aka fara tambayar kowane kamfani ina riba. Ƙananan kamfanoni, waɗanda yawancinsu da kuɗin masu zuba jari suke numfashi, su abin ya fi matsa wa. To idan oganku ya ce na'ura ce ta sa aka rage ku, yana yiwuwa gaskiya ya faɗa, yana kuma yiwuwa rabinta ya faɗa. Ya fi wa shugaba sauƙi ya ce mun ci gaba, da ya ce kuɗinmu na ƙarewa. Kana buƙatar sanin wanne ne a ciki, domin in kuɗi ne ke ƙarewa, ko ka haddace duk wani kayan aiki da aka ƙirƙira bana, hakan ba zai tsare maka kujerarka ba.

Inda na'urar ke da hannu da gaske kuwa, sabbin shiga ta fi taɓawa. A Agustan 2025 Erik Brynjolfsson da abokan aikinsa na Jami'ar Stanford sun bi bayanan albashin miliyoyin ma'aikata a Amurka, suka tarar yawan masu rubuta manhaja 'yan shekara 22 zuwa 25 ya ragu da kusan kashi 20 cikin ɗari tun ƙarshen 2022, alhali na manyansu a sana'ar bai ragu ba. Mu nan ma mun ga irinta tun kafin a san ChatGPT. A 2019 kamfanin Andela, mai haɗa injiniyoyin Afirka da kamfanonin waje, ya sallami ƙananan injiniyoyi 420 a Najeriya da Kenya da Uganda, ya ce abokan cinikinsa gogaggu suke nema. Wannan yana damuna ƙwarai saboda yaranmu masu tasowa. Amma kai da ka shekara takwas kana wannan aiki ba a wannan sahun kake ba. Naka haɗarin daban yake, zan zo kansa.

Yanzu ga abin da aka gani game da aikin na'urar kanta. A 2022 kamfanin GitHub ya gwada manhajarsa ta Copilot, mai taya rubuta kod, a kan wani ƙaramin aiki da ake farowa daga tushe, masu amfani da ita suka fi sauri da kashi 55 cikin ɗari. A Oktoban 2024 shugaban Google, Sundar Pichai, ya ce sama da kashi ɗaya cikin huɗu na sabon kod ɗin kamfanin na'ura ce ke rubutawa, amma ya ƙara da cewa injiniyoyi ne ke dubawa su amince. A Yulin 2025 kuma ƙungiyar bincike ta METR ta fitar da gwajin da ta yi da gogaggun injiniyoyi 16 a kan ayyuka 246, a cikin manyan manhajojin da suka daɗe suna kula da su. Kafin su fara sun yi zaton na'urar za ta rage musu kashi 24 cikin ɗari na lokaci. Da aka auna, sai aka ga lokacin ƙaruwa ya yi da kashi 19. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ko bayan sun gama, su a ransu gani suke sun yi sauri. Da kayan aikin farkon 2025 aka yi gwajin, kuma sun inganta sosai tun daga lokacin, saboda haka kada ka riƙe shi hujjar kwantawa. Abin da zan so ka ɗauka a ciki shi ne jin sauri daban, saurin daban, kuma wannan ya shafi oganka kamar yadda ya shafe ka.

Ka ce yanzu naka dubawa ne, ka faɗe shi kamar an rage maka matsayi. Ƙanena, dubawar nan ita ce aikin da ake biyan ka dominsa. Ka fi ni sanin yadda waɗannan manhajoji ke kuskure. Ba sa rubuta shirme a fili wanda ko ɗan koyo zai gane. Sukan rubuta abin da ya yi kama da daidai: su kira wani aiki da babu shi a ɗakin kod ɗin, su ƙirƙiro sunan ƙunshin kod da ba a taɓa yin sa ba, su manta da tantance ko mai neman bayanan yana da izinin ganinsu, ko gwaji ya ƙi wucewa su gyara gwajin su bar matsalar. A ƙuri'ar jin ra'ayi ta 2025 ta Stack Overflow, dandalin masu rubuta manhaja, babban abin da injiniyoyi suka ce yana ɓata musu rai shi ne amsar da ta kusa zama daidai amma ba ta zama ba, kashi 66 cikin ɗari suka faɗi haka. A Yulin 2025 ne manhajar Replit, mai rubuta kod da ƙirƙirarriyar basira, ta goge wa wani ɗan kasuwa rumbun bayanansa bayan ya hana ta taɓa komai, har shugaban kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. Irin wannan kuskure ido mai barci ba ya kama shi. Mai gajiya yakan karanta layi ɗari biyu ya ga sun tsaru, ya danna amincewa.

To ka dubi abin da kake yi wa kanka. Ka kwanta ƙarfe uku, ka tashi asuba. Ko dai ka koma barci har rana ta take, ka tashi ka tarar lokacin aiki ya gabato, ko kuwa ka hana idonka ka shiga aiki da barcin awa biyu zuwa uku. In ta farko ce, safiyar iyalinka ka sayar ka sayi karatun dare. In ta biyu ce, ƙwaƙwalwar da ake haya ka sayar. Likitoci sun ce babba yana buƙatar barcin awa bakwai ko fiye a kullum. Kana karatu ne don kada a kore ka, amma hanya mafi kusa da za a kori injiniya a yau ita ce ya bari mummunan kuskure ya wuce ta hannunsa ya kai ga masu amfani da manhajar.

Kuma me kake karantawa? Ka tuna dabarun yi wa na'ura magana da mutane suka yi ta sayen kwas a kansu a 2023. Nawa ne a cikinsu ke da amfani yau? Kayan aikin nan kusan duk bayan 'yan watanni suke sauya kama, kuma duk sauyin sauƙin amfani yake ƙara musu. Wanda ya san sana'arsa zai iya kama sabo cikin mako guda a duk ranar da buƙata ta zo. Abin da ba ya tsufa da wuri shi ne sanin yadda ake tsara rumbun bayanai, yadda ake hana kuɗi ɓacewa ko ninkuwa idan ciniki ya katse a tsakiya, tsaron manhaja, gano inda matsala take a kod ɗin da ba kai ka rubuta ba, iya rubuta bayani a sarari, da sanin yadda kamfaninku yake samun kuɗinsa. Wannan na ƙarshen injiniyoyi da yawa suna raina shi. Mutumin da ya san dalilin da ya sa aka yi wa wani babban abokin ciniki tsari na musamman shekara biyu da suka wuce, kuma ya san abin da zai karye in aka taɓa wurin, ba a saurin rabuwa da shi, domin wannan ilimin ba ya cikin abin da aka horar da na'urar da shi.

Ka zaɓi kayan aiki ɗaya, wanda kamfaninku ya amince da shi, ka san shi ciki da bai, kuma a lokacin aiki. Oganka ne ya ce ku yi amfani da shi, saboda haka koyonsa aiki ne, ba sai ka ci bashin darenka ba. Sauran karatun ka mayar da shi hantsi, awa ɗaya ko ɗaya da rabi, kwana uku ko huɗu a mako, a kan abu guda har ka gama shi. Ka rage leƙa X da LinkedIn. Da yawan masu ihun cewa sana'ar ta mutu, ko dai na'urar suke sayarwa ko kwas ɗin tsira daga gare ta. Ka kuma kiyaye, kada gaggawa ta sa ka zuba kod ɗin kamfani ko bayanan abokan cinikinsa a manhajar da ba a ba ku izini ba. Wannan kaɗai ya isa a soke kwantiragi.

Maganar mutum biyar su yi aikin tara, kada ka haɗiye ta ka yi shiru kana cike giɓin da lafiyarka. In ka yi haka, oga zai ga lissafinsa ya fita daidai, gobe ya ce uku ma za su iya. Ka riƙa rubuta ayyukan da ke hannunka da lokacin da kowanne ya ci, har da lokacin duba abin da na'ura ta rubuta da gyara shi. Idan an ƙaro wani, ka tambaya cikin ladabi wanne za a fara, wanne zai jira. Wannan ba taurin kai ba ne, haka manyan injiniyoyi ke aiki, kuma ana ganin girman mai yin haka.

Yanzu ga haɗarinka na gaskiya. Kai ɗan kwantiragi ne a wata ƙasa, gida uku na cin abinci daga hanya ɗaya, kuma hanyar saƙo guda ya isa ya rufe ta. Galibi ɗan kwantiragi ba shi da fansho, ba shi da inshorar lafiya, ba shi da kuɗin sallama, kuma shi ya fi sauƙin cirewa idan an zo ragi. Wannan matsalar karatu ba ya maganinta. Ka ɗauko takardar kwantiraginka ka karanta: notis na kwana nawa za su ba ka, kuma ta hana ka yi wa wasu aiki ko ba ta hana ba. Daga nan ka zauna da biro da takarda ka fitar da abin da gidanka ke ci a wata in an cire ƙawa, wato haya, abinci, wuta da mai, data, asibiti, kason mahaifiya, kuɗin makaranta. Ka ninka shi sau shida. Wannan adadin shi ne abin da za ka sa a gaba, ka ajiye shi inda hannu ba ya saurin kaiwa, wani kaso a asusun dala. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Masu karɓar dala da yawa sun ga albashinsu ya kumbura a naira, hidimarsu da ta dangi ta kumbura tare da shi, ajiya kuwa ba ta motsa ba. In kana cikinsu, yanzu ne lokacin gyarawa, tun albashin yana shigowa. Ka sanar da ƙannenka cewa aikin ba na dindindin ba ne, don su ma su san yadda za su riƙa kawo buƙata.

Sannan ka fara buɗe ƙofa ta biyu a hankali. Ka nemi abokan aikin nan huɗu da aka sallama, ka gaishe su, ka ji inda suka dosa. A wannan sana'a aiki ya fi zuwa ta hannun wanda ya taɓa aiki da kai. In za ka nemi wani wurin, ka fi mayar da hankali ga Turai, domin tsakaninmu da Landan ko Berlin bambancin bai wuce awa ɗaya ba, wani lokacin ma babu. Aikin da zai tashi ƙarfe biyar ko shida na yamma, ko da kuɗinsa bai kai na yanzu ba, ya cancanci ka auna shi da kyau a matsayinka na mai ƙananan yara.

Kasuwanci kuwa ban hana ka har abada ba. Na hana ka shigarsa da gudu ne. A manhaja kai gogagge ne, a kasuwa ɗan koyo za ka zama, da kuɗin da ya kamata ya zama garkuwar gidanka. Sabon kasuwanci kuma ya fi aikin da kake yi yanzu cin lokaci. In ajiyar wata shida ta cika, abin da ya hau kai ka iya gwada wani abu da shi.

Daɗin aikin da ka ce ya tafi, na yarda da kai, rashi ne na gaske. Yawancin masu wannan sana'a abin da ya ja su shi ne daɗin nan na kwana biyu kana fama da matsala sannan ta warware a hannunka. Ka riƙa ware wani yanki mai wuya a cikin aikin mako ka rubuta shi da kanka, ba tare da na'ura ba. Zai dawo maka da wani abu na daɗin, kuma zai hana hannunka mutuwa, domin wanda ya daina rubutawa gaba ɗaya, a hankali dubawarsa ma takan yi rauni.

Na bar maganar maiɗakinka zuwa yanzu ne don ita ce mafi nauyi, ina so ka karanta ta hankalinka ya ɗan kwanta. Niyyarka ta ɓoye mata kyakkyawa ce, amma ba ta haifar da abin da kake so ba. Tana ganin damuwa a fuskarka, tana ganin ka rufe ƙofa har ƙarfe uku, ba ta san dalili ba. Macen da ta haihu wata biyu da suka wuce, jikinta ya sauya, barci ya ƙaurace mata, in ba a gaya mata dalili ba za ta samo nata, kuma nata zai fi gaskiyar ciwo: ko ka gaji da ita, ko akwai wadda kake hira da ita a kwamfutar. Hankalin da kake gudun tayarwa ya riga ya tashi. Ka gaya mata an rage mutum huɗu, kana jin tsoro, ga abin da kuke da shi a ajiye, ga abin da kake shirin yi. Ka ba ta haƙuri a kan watannin nan. Ajiyar wata shida ma ba za ta taru ba sai da hannunta, tunda ita ke riƙe da cefanen gidan.

Ka ce dominsu kake yi, kuma ban yi shakka ba. Amma ka tuna labarin Salmanul Farisi da Abud Darda'i, Allah ya yarda da su. Salmanu ya ziyarci ɗan'uwansa ya tarar da matarsa ba ta cikin kwalliya, ta ce masa ɗan'uwanka ba shi da buƙatar duniya. Da dare ya yi Abud Darda'i ya tashi zai yi salla, Salmanu ya ce ya kwanta, ya sake tashi ya sake ce masa ya kwanta, sai ƙarshen dare suka tashi tare. Ya ce masa Ubangijinka yana da hakki a kanka, kanka yana da hakki a kanka, iyalinka suna da hakki a kanka, ka ba kowane mai hakki hakkinsa. Da maganar ta je ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Salmanu ya yi gaskiya. Tsayuwar dare ce fa aka ce a rage saboda hakkin jiki da na iyali, balle kwas ɗin intanet. Kuma da aka tambayi Nana A'isha abin da yake yi a gida, cewa ta yi yakan kasance cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita.

Kana da abin da mijin da ke fita kasuwa ba shi da shi, wato safiya sukutum. In ka rufe kwamfuta sha ɗaya ka kwanta, ka samu wajen awa shida kafin asuba, ka cike da ƙailula kafin ka zauna aiki. Bayan ka dawo masallaci, yaron nan naka ne: wanka, karin kumallo, kai shi makaranta in ya fara zuwa. In ta shayar da jaririyar, ka karɓe ta ka sa ta gyatsa, ka fita da ita falo, uwar ta samu barcin awa biyu ko uku ba yankewa. Abin da ta fi buƙata ke nan a yanzu, fiye da duk abin da za ka sayo mata. Goggo ta tafi da hannu biyu da gidan ya saba da su, saboda haka ku nemi mai taya aiki ko wata 'yar'uwa, ko da na wuni ne. A lissafin wata shidan ma ka saka wannan cikin abin da ba a cirewa.

Ga wata dama kuma da bambancin lokacin ya ba ka. Sa'ad da ake kiran magariba a Kaduna, a gabashin Amurka rana ce tsaka, wajen sha biyu zuwa biyu, lokacin cin abincinsu. Ka toshe awa ɗaya a jadawalinka kullum a wannan lokacin, ka sanar da abokan aikinka. Ka yi salla, ku ci abinci tare, wayar tana ɗaki. Yaron da aka yi wa ƙanwa yana cikin nasa kishin, kuma hanya mafi sauƙi ta sa shi shiru ita ce a miƙa masa waya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara biyu zuwa huɗu kada kallonsa ya wuce awa ɗaya a rana, jariri kuwa sam. Rabin awa yana hawa bayanka ya fi masa. Ban ga ka ambaci hutu ba tun haihuwar. Ma'aikatan gwamnatin tarayya maza ma kwana 14 ake ba su in an yi musu haihuwa. Ka nemi mako guda, ko da ba za a biya ka ba.

Kukan da ta yi kuma kada ka ɗauke shi ƙorafi kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar kan gamu da matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, mafi yawa ciwon damuwa, kuma a wurinmu sau da yawa ana ce mata ta yi haƙuri ne kawai har abin ya yi nisa. Ka sa ido. In kuka ya yawaita, ko ta daina jin daɗin komai, ko ba ta iya barci ko da jaririyar ta yi, ko ba ta cin abinci, ko tana cewa ita ba uwar kirki ba ce, kuma abin ya wuce mako biyu, to likita za ku gani, ciwo ne mai magani. In ta ambaci cutar da kanta ko jaririyar, a ranar za ku tafi. Allurar rigakafin mako goma ta kusa. Ka kai su da kanka, ka shiga tare da ita, ku gaya wa ma'aikaciyar jinya yadda take ji. Kai ma, in ka ajiye karatun dare amma ka kwanta barci ya ƙi zuwa, gabanka na faɗuwa har tsawon makonni, ka faɗa wa likitan naka.

Allah ya tsare maka hanyar abincinka, ya buɗa wasu, ya shirya muku zuri'a. Ka gaishe da mai jego.